Layukan Bulo a Gindin Katangar Sharaɗa

Ba zan iya rantsuwa a kan duk abin da zan faɗa a nan ba. Shekaru sun ɗan ja, takardun aikin kuma suna can ofishin da na bari. Akwai wuraren da nake ganin abin tar a idona, akwai kuma waɗanda ban sani ba ko na gani ne, ko labari aka ba ni har na ɗauka na gani. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Bayan na gama bautar ƙasa na yi kusan shekara biyu a gida da digirina na tsara birane, kafin wani kamfani mai zaman kansa ya ɗauke ni aikin wucin gadi. An ba kamfanin kwangilar gwada tsarin biyan kuɗin fakin a gefen titi, a wasu layuka na Bompai da Sharaɗa. Duk wanda ya taɓa bi ta wuraren nan da hantsi ya san dalili. Mota a bayan mota, wata a gefen wata, tirela ta gindaya tana jira a buɗe mata ƙofa, masu keke napep suna kutsawa ta duk inda kan keken ya shiga. Shugaban sashenmu, wani injiniya mai sanyin magana, ya yi mana bayani a ranar farko. Ya ce idan fakin kyauta ne, wanda ya riga zuwa shi ke wuni a wurin, wanda kuma ya zo da uzurin minti goma sai ya rasa inda zai tsaya ya tare hanya. Idan aka sa kuɗi mai ɗan nauyi a inda ake cunkoso, aka sa mai araha a inda babu kowa, motocin za su bazu da kansu. Na yarda da maganar a lokacin. Har yanzu ma ban ce ba gaskiya ba ce.

Aikina ƙirge ne. Aka ba ni layuka uku a Sharaɗa, da fom, da tef ɗin awo. Sau huɗu a rana zan bi layukan in rubuta motoci nawa ne a tsaye a kowane ɓangare. Mu masu ƙirgen aka tambaya lokutan da suka fi mana, muka zaɓi ƙarfe takwas, da sha ɗaya, da uku, da biyar, don kada aiki ya ci karo da Azahar da La'asar. Ina jin ni ne ma na fara kawo shawarar. Injiniya ya ce ya yi kyau. Sai ya ja mana kunne a kan abu ɗaya: kada mu gaya wa kowa abin da ake auna wa sai an yi sanarwa, don kada mutane su fara kama wuri ko su kore mu. Ni kuma mai gudun ƙarya ne, mai gudun saɓa umarni kuma, sai na samo wa kaina amsa guda. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce, aiki ne daga sama, in sha Allahu alheri ne.

A layi na uku akwai wani kamfanin roba, masu yin bokitai da kujeru. Tsakanin katangarsu da kwalta akwai fili, tsawonsa zai kai tirela biyu in ban ƙara ba, da bishiyoyin darbejiya huɗu. Ko'ina a layin a cushe yake, har kan kwalbati ana hawa, amma nan babu ko keke. A share yake tas. A ƙasa akwai layukan fasassun bulo da aka binne rabi, a karkace, ba su bi katanga ba, ba su kuma bi titi ba. Na auna tsakaninsu na ga mota ba za ta shiga ba. Na tsaya na yi tunani irin na wanda ya yi karatu, na yanke cewa tsohon wurin ajiye babura ne tun zamanin acaɓa. Haka na rubuta a fom.

Mai gadin kamfanin, wani dattijo siriri mai farin gemu, shi ya riƙe mini ɗaya bakin tef ɗin. Ban roƙe shi ba. Ya ga ina fama, ina danne bakin da dutse yana zamewa, sai ya taso daga bencinsa ya kama. Muka auna tsawo, muka auna faɗi, muka auna daga bishiya zuwa bishiya. Ya tambaye ni daga ina, na ba shi amsata ta kullum. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce Allah ya ba da lada, ya kawo mini ruwa a kofin roba. Kullum da safe sai mun gaisa, har yana tambayar mutanen gida.

Ƙarfe ɗaya na yi nakan hau keke napep in tafi babban masallacin da ke can bakin titi, saboda akwai famfo da banɗaki, in yi sallah, in ci abinci a wajen, in dawo kafin uku. Da La'asar ma haka. Kwana shida na yi. Sau ashirin da huɗu na tsaya a gaban filin nan na rubuta sifili. A rahotona na ba da shawarar a fitar da gurbin mota goma sha biyu a wurin, a sa masa kuɗi mafi araha, don ya janye motocin da ke toshe bakin layin. A taron ofis injiniya ya ɗaga shafin ya nuna wa sauran, ya ce irin wannan ake so. Shi ne yabo na farko da na samu a wurin aiki, kuma na kai shi gida na faɗa wa mahaifiyata.

Daga nan aka mayar da ni Bompai, wajen kafa alluna da koya wa masu yankar tikiti aiki. Na yi makonni ban leƙa Sharaɗa ba. Wasu 'yan kwangila dabam ne suka je suka tone bulon, suka zuba tsakuwa, suka ja farin fenti.

Ranar da na koma, ina jin Talata ce, an aike ni ne in duba wani allo da aka ce an kafa ba daidai ba. Na sauka a layin wajen ɗaya da rabi. Ban taɓa zuwa wurin a wannan lokacin ba, sai ranar. Gurbi goma sha biyun duk a cike, ga inuwa ga araha, har na ji daɗi na fara laluben biro. Sai jiniyar kamfanin ta yi ƙara, aka buɗe ƙaramar ƙofa, ma'aikata suka fito. Suka nufi wata durom ta ruwa da ke gefen ƙofar, wadda na sha gani ban taɓa tambayar amfaninta ba, suka fara alwala. Direbobin tirela suna saukowa daga motocinsu da butoci. Masu keke napep suna tsayawa. Dattijon nan ya fito daga ɗakin gadi da tabarmi a kafaɗa, ya wuce motocin, ya fara shimfiɗawa a bayansu, a kan kwalta, a karkace. Daidai karkatar layukan bulon nan.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Tun ina ƙarami nake sallah a gefen titi, a kasuwa, a tasha. Na san yadda ake jera duwatsu a nuna alƙibla. Na durƙusa a kan layukan nan da tef, na auna tazarar da mutum ke buƙata ya yi sujada, na rubuta babura.

Liman ya tsaya a wani ɗan tsukin da ke tsakanin motoci biyu. Sahu biyu suka samu gefen kwalta, sauran suka shiga cikin titi sosai. Wani ma'aikaci da bai shiga sahu ba ya je ya tsaya a tsakiyar hanya da jan ƙyalle a hannu yana tare motoci. Wata tirela ta taho ta tsaya, injinta yana ruri, hancinta bai fi taku biyar daga sahun ƙarshe ba.

A can gefe, bayan bishiya ta ƙarshe, akwai wata mata 'yar Filato mai sayar da shinkafa da wake da gwate. Na sha wuce ta ban taɓa sayen abincinta ba. Ita ta fara gane ni.

"Ga mai tef ya dawo," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Malam, yau kuma me za a auna? Tukunyata?"

Na matsa na gaishe ta, na tambaye ta ko dama a nan ake sallah.

"Ni da nake zuwa coci na san ba a ajiye ko kular abinci a wurin nan. Kai ga tabon sallah a goshi, kana tambayata."

Tana zuba wa mutane abinci tana ba ni labari, ba ta dube ni sosai ba. Hutun ma'aikata rabin awa ne. Babban masallacin da nake zuwa ya yi musu nisa, wanda ya je ba zai dawo kafin a rufe ƙofa ba, wanda aka rufe wa ƙofa kuwa aikin yamma ya wuce shi. Filin ya girmi zamanta a wurin. Ba wanda ya taɓa kafa allo, amma ko baƙon direba sau ɗaya ake gaya masa. Tabarmin kuma Baba mai gadi yana naɗe su ya shigar ɗaki da an idar, saboda awaki da ƙurar manyan motoci. Mai jan ƙyallen ɗan kudancin Kaduna ne, ta ce, su uku ne suke karɓa-karɓa tun da aka yi fentin.

Sai ta faɗi abin da ya fi tsaya mini. Ta ce tun ranar da na fara awo Baba ya gaya wa kowa cewa an turo mutum daga sama zai yi musu rumfa. Sun daɗe suna roƙon rumfa saboda damina. Har an fara gardamar ko kwano za a sa ko roba. Ranar da 'yan kwangila suka zo tone bulo, shi ya ɗebo musu ruwa, yana cewa harsashi za a haƙa. Sai da ya ga farin fenti.

Na yi alwala da sauri na shiga sahun ƙarshe, a raka'a ta uku ina jin. Kwaltar tana ƙuna ta cikin tabarma. Duk sujadar da na yi ina jin rurin injin tirelar a ƙirjina, kuma ban iya tuna abin da na karanta ba. Da aka idar mutane suka tashi da gaggawa, aka janye tabarmi, mai ƙyalle ya kauce, motoci suka wuce ana ta hon. Na je na durƙusa gaban dattijon yana naɗe tabarma. Na ce, Baba, ni ne. Ya dube ni, ya amsa gaisuwar cikakkiya, har da tambayar mutanen gida. Sannan ya ce:

"Malam, ni fa na riƙe maka tef ɗin."

Ya saɓa tabarminsa ya shiga ciki.

Ban duba allon da aka aike ni dubawa ba. Na koma ofis na samu injiniya. Ya kamata in yi masa adalci: da na gama bayani ya cire tabarau ya yi salati. Mutum ne da ba ya wasa da sallah. Amma ya ce taswirar ta riga ta wuce, an sa mata hannu a sama, an kuma miƙa gurabun ga masu karɓar kuɗi bisa adadinsu. Ba zai iya goge gurbi da baki ba. Ya jawo rahotona ya buɗe shafin da ya taɓa yabawa, ya juyo mini da shi.

"Sifili ashirin da huɗu, Malam, ga sa hannunka. Idan kana so a taɓa wurin, sai ka rubuta cewa ƙirgenka bai cika ba, ka sa hannu a wannan ma. Ni zan kai."

Na ce to, Yallaɓai. Na fita. Kuma a nan ne wurin da ba na son rubutawa. Kwana uku na yi ban rubuta takardar ba. Wa'adin aikina saura wata ɗaya a sabunta ko a sallame ni. Na yi ta fara rubutu ina yagawa, ina neman jimlar da za ta ce an yi kuskure ba tare da ta ce ni na yi ba. Na gwada ɗora laifin a kan lokutan ƙirge, sai na tuna wanda ya kawo shawarar lokutan. Na gaya wa kaina cewa kwana biyu ko uku ba za su canza komai ba, tunda an yi makonni a haka.

A cikin kwana ukun nan ne Baba ya gaji. Wannan ban gani da idona ba, mai abincin ce ta faɗa mini daga baya, wani direba kuma ya ba ni shi da ɗan bambanci. Da sassafe, kafin motoci su zo, sai ya fito da tabarmin ya shimfiɗa su a kan gurabun, ya ɗauko bencinsa ya zauna a tsakiya. Masu yankar tikiti magidanta ne su ma, an yanka musu abin da za su kai kowace rana, suka yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi tashi. A rana ta biyu aka yi cacar baki, wani mai mota ya taka tabarma da taya, ma'aikata suka fito, abin ya kusa zama faɗa. Aka kai ƙara wurin manajan kamfanin robar. Su kuma ba sa son rigima da kowa a bakin ƙofarsu, sai suka ɗauke shi suka mayar da shi gadin sito ɗinsu a Challawa.

A rana ta huɗu na rubuta takardar, jimla biyar ko shida, na ce ban ƙirga a lokacin da ake amfani da wurin ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na koma na sake ƙirge da ɗaya da rabi da kuma ƙarfe huɗu. Fom ɗin ba shi da gurbin mutane, sai na rubuta adadinsu a gefen takarda. A nan na ga wani sabon mai gadi a ƙofa, na tambayi inda Baba yake, aka gaya mini. Na zauna a kan kwalbati. Mai abincin ba ta yi mini ba'a ba ranar, abin da ya fi ba'ar ciwo.

Injiniya ya kai takardar kamar yadda ya ce. Bayan wasu makonni aka saki gurbi biyar na kusa da ƙofa, aka ja musu fenti ruwan ɗorawa, aka kafa allon hana tsayawa. Bakwai suka zauna. Biyar ɗin ba sa ɗaukar kowa, sai aka koma jam'i biyu, na biyun kuma sau da yawa jiniya tana kama su a tahiya. Ni ba a sabunta mini aiki ba. Ba a sabunta wa wasu mutum biyu ba su ma, don haka ba zan ce takardar ce dalili ba. Ban sani ba.

Na je Challawa neman Baba wata Asabar. Sai da na yi tambaya sau uku kafin na samu siton, can ƙarshen wani layi inda warin masana'antun fata ke shiga har maƙogwaro. Yana zaune shi kaɗai a bakin wata babbar ƙofar ƙarfe. Ya ce yanzu mota biyu yake hawa kafin ya iso, amma aikin ba wuya, ba mai shiga ba mai fita. Na nemi gafararsa, na gaya masa har da kwana ukun da na yi ina jinkiri, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sai ya ce abu ɗaya ne yake damunsa. Shi da bakinsa ya gaya wa mutane za a yi rumfa, wasu kuma suna cewa ya san komai tun farko, an ba shi wani abu ne ya riƙe tef.

"In za ka iya, ka je ka gaya musu ban sani ba. Kai za su yarda da kai, tunda kai ka yi."

Na je ranar Litinin da La'asar. Da aka sallame jam'in farko na miƙe a gefen liman na ce ina da magana. Na ce ni ne na auna wurin nan, Baba bai san abin da nake aunawa ba, ya tambaye ni na ɓoye masa. Na ce ba a ba shi komai ba, shi ne ma ya ba ni ruwa. Wasu suka tsaya suka ji. Wasu suna sa takalma, don 'yan jam'i na biyu suna jiran tabarma. Wani direba ya ce to Allah ya kyauta, liman ya ce an ji, za a faɗa wa waɗanda ba sa nan. Ko an faɗa, ban sani ba. Ba a mayar da Baba ƙofarsa ba, a iya sanina.

Na ji an ce daga baya an sake fasalin tsarin gaba ɗaya, wasu kuma sun ce an dakatar da shi a wannan layin. Ban koma na duba ba, kuma ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba. Mutane da yawa sun ga abin nan fiye da yadda na gani: ma'aikatan kamfanin, direbobi, masu yankar tikiti, matar nan mai abinci, da mutum ukun da suka riƙa tare hanya. Idan ɗayansu ya karanta wannan, ko aka karanta masa, ya ga na sauya adadin gurabun, ko na haɗa ranaku biyu wuri ɗaya, ko na sa wa wani maganar da bai faɗa ba, ina roƙo ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga rubutun. Musamman abin da ya faru a kwana ukun da ba na nan, da kuma inda Baba yake yanzu.